Kwana a Gindin Dutse: Sharhi kan Tsara wa Dattawa Gajeriyar Tafiya zuwa Luzern

Tsaunukan Alps, waɗanda suka miƙe kimanin kilomita 1,200 daga kudancin Faransa, suka ratsa Suwizalan da arewacin Italiya har suka dangana da Ostiriya, suna da manyan tafkuna a gindinsu waɗanda ƙanƙara ta haƙa tun zamanin da ta lulluɓe yankin, lokacin da tarin ƙanƙara mai nauyi ya riƙa gangarowa sannu a hankali yana rarake kwaruruka, sa'annan ya narke ya bar ruwa a cikinsu. Wannan asali shi ya ba garuruwan bakin tafkunan siffar da ta sa ake kwaɗaita wa dattawa su, domin gaɓar ruwa shimfiɗe take kuma ba ta da bisa sosai, alhali duwatsun da ake zuwa kallo suna tsaye kusa da ita, ta yadda mutum zai iya cika idonsa da su yana zaune a kan benci. Amma asalin nan dai shi ne ya matse wasu garuruwan tsakanin ruwa da dutse har babu filin gini sai a kan gangara, don haka gari biyu da suka yi kama a hoto na iya bambanta ƙwarai a wajen mai ciwon gwiwa. Ma'aunin da ya kamata mai tsara tafiya ya riƙe shi ne yawan taku da yawan matakala da ke tsakanin gadon da dattijo zai kwana, da tashar jirgin ƙasa, da matsayar jirgin ruwa. Kyawun wuri yana zuwa ne a bayan wannan, tunda a wannan yanki kusan ko'ina yana da kyau.

Idan aka auna sanannun garuruwan da wannan ma'auni, wasu daga cikin mafiya suna sai su faɗi. Hallstatt ta ƙasar Ostiriya, wadda mazaunanta ba su kai dubu ba amma hotonta ya zagaya duniya, tashar jirgin ƙasarta tana tsallaken tafki, sai an shiga ƙaramin jirgin ruwa da kaya kafin a isa gari, kuma da yawa daga gidajenta ana hawa gare su ne ta matakalar dutse. Bellagio da Varenna a bakin Tafkin Como na Italiya lungunansu hawa ne da gangara. Interlaken shimfiɗaɗɗiya ce, sai dai tana tsakanin tafkuna biyu ne, na Thun da na Brienz, ba a bakin ko ɗaya daga cikinsu ba. Montreux a bakin Tafkin Janiba tana da doguwar hanyar shaƙatawa mai laushin tafiya a gefen ruwa, kuma da yake Faransanci ake yi a can za ta fi wa mai jin wannan harshe sauƙi, amma garin kansa a kan gangara yake, tasharsa ma tana sama da gaɓa, kuma a watan Yuli bikin kiɗan jaz da ake yi tun 1967 yana cika shi maƙil. Luzern, wadda Faransawa da Turawan Ingila ke kira Lucerne, ita ce misalin da wannan sharhi zai bi, domin a cikinta abubuwan ukun nan sun haɗu a wuri guda.

Birnin yana tsakiyar Suwizalan a inda Kogin Reuss ke fita daga tafkin da mutanen yankin masu jin Jamusanci ke kira Vierwaldstättersee, wato tafkin gundumomin daji huɗu, kuma bisansa daga doron teku kimanin mita 435 ne, wanda bai kai ma bisan Kano ba. Daga filin jirgin saman Zurich jirgin ƙasa yana kai mutum cikin awa guda ko ɗoriya kaɗan, kuma akwai masu zuwa kai tsaye ba tare da an sauya jirgi ba, waɗanda su ya kamata a nema ko da za a ƙara jira. Tashar Luzern irin wadda layin dogo ke ƙarewa a cikinta ce, jirgi ya shigo da goshi ya tsaya, saboda haka duk dakalan sauka suna haɗewa da zauren tashar a daidai ƙasa, ba a bukatar sauka rami ko hawa gada kafin a fita. A ƙofar tashar, wadda aka sake ginawa bayan gobarar 1971, tashar motocin bas take, matsayar jiragen ruwa kuma tana tsallaken dandalin, tafiyar 'yan mintuna. Wanda ya sami masauki a kusa da nan zai iya yin kwana huɗu bai hau tudu da ƙafarsa ba.

Wannan dacewa tana da tarihi. Baƙin da suka fara cika Luzern a ƙarni na 19 masu hali ne, da yawansu manya ko masu jinya da likitoci suka aiko shan iska, suna zuwa da akwatuna da barori su yi makonni, kuma saboda su aka cike gefen tafki da ƙasa aka yi shimfiɗaɗɗiyar hanya mai itatuwa da bencina, aka jera manyan otal-otal irin su Schweizerhof na 1845 da National na 1870. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta yi makonni biyar a garin a 1868, tana ɓoye da laƙabin wata mai sarautar Kent, shekaru bakwai bayan rasuwar mijinta, kuma a kan dabba aka hau da ita duwatsun da ke kewaye; shekaru uku bayan haka, a 1871, aka buɗe layin dogo daga Vitznau zuwa Dutsen Rigi, na farko irinsa a Turai. Jirgin ruwa da jirgin dutse da hanyar bakin tafki duk an yi su ne don mutanen da ba sa son gajiya, kuma dattijon yau magajinsu ne. Sai dai gadon yana da ɓangarensa mai wuya, domin ginin da ya haura shekara ɗari yakan zo da matakala uku ko huɗu a ƙofa kafin a kai ga lif, wato na'urar hawa bene, da lif ɗin da keken marasa lafiya ba ya shiga, da bahon wanka mai tsawon baki wanda tsallaka shi ya fi komai haɗari ga mai shekaru.

Saboda haka zaɓen masauki ya fi kowane mataki na shirin muhimmanci, kuma kalmar da otal ya rubuta a tallarsa cewa ɗakin ya dace da masu lalura ba ta isa a dogara da ita ba, tunda kowane gida da abin da yake nufi da ita. Abin da ke fitar da gaskiya shi ne a rubuta wa otal ɗin tambayoyi ƙayyadaddu, a nemi amsa a rubuce: ko akwai matakala tsakanin titi da teburin karɓar baƙi, ko lif yana kaiwa hawan da ɗakin yake da kuma ɗakin karin kumallo, ko wurin wanka shawa ce da ake shiga a miƙe da ƙarfen riƙewa da kujera, ko kuwa baho ne. Ana kuma tambayar na'urar sanyaya ɗaki, domin tsofaffin otal-otal da yawa a Suwizalan ba su da ita, kuma zafin Yuli da Agusta a ɗakin da ke ƙarƙashin rufi yakan hana barci. Otal mai kyan hange da ke kan tudu a bayan gari yakan fi arha ko ya fi ban sha'awa, amma kuɗin da aka rage za a biya shi da gwiwa sau biyu a kowace rana.

Ta fuskar sufuri, dokar Suwizalan ta daidaita haƙƙin masu naƙasa ta fara aiki a 2004, ta kuma ba kamfanonin jirage da na bas wa'adin shekara ashirin su gyara tashoshi da motocinsu. Ba ko'ina aka cika wa'adin ba, musamman a ƙananan tashoshi, amma a manyan layuka an ɗaga dakali zuwa santimita 55 don ya yi daidai da ƙofar jirage masu ƙasa-ƙasan bene, har mutum ya shiga da sandarsa ko kekensa ba tare da ɗaga ƙafa ba. Inda jirgin tsoho ne mai matakala, kamfanin jiragen ƙasa na tarayya, SBB, yana da ofishin taimakon masu lalura da ake sanar wa aƙalla awa guda kafin tafiyar cikin gida, sai a turo ma'aikaci da na'urar ɗaga keke, ba tare da biyan komai ba. Jiragen Suwizalan sun shahara da kiyaye lokaci, kuma jadawalinsu yakan ba da mintuna biyar ko shida kacal don sauya jirgi, abin da ya ishi matashi mai jaka a baya amma yake jefa dattijo cikin haki da fargaba. Da yake a manyan layuka ba a rasa wani jirgin cikin rabin awa ko awa guda, kuma tikitin gama-gari ba a ɗaure yake da jirgi ɗaya ba, hikima ita ce a bar na farko ya wuce da gangan.

Tambayar da ta fi bukatar natsuwa ita ce ta hawa sama. Yayin da mutum ke ƙara bisa, nauyin iskar da ke kansa yana raguwa, don haka kowane numfashi yana shigar da iskar oksijin ƙasa da wadda aka saba. A mita 1,800 abin da ake samu ya kai kimanin kashi huɗu cikin biyar na wanda ake samu a bakin teku, a mita 3,500 kuwa bai wuce kimanin kashi biyu cikin uku ba. Ciwon bisa, wato ciwon kai da jiri da tashin zuciya da ke kama wanda ya hau da sauri, galibi daga mita 2,500 yake farawa, kuma shekaru su kaɗai ba su ne ke jawo shi ba. Abin da ke sa a yi hattara da dattawa shi ne cututtukan da kan zo tare da shekaru, irin su ciwon zuciya, da hawan jinin da bai daidaita ba, da ciwon huhu, da ƙarancin jini, domin zuciya tana ƙara bugu don cike giɓin, kuma motar igiya, wato ɗakin ƙarfe da gilashi da ke rataye a jikin waya, tana kai mutum cikin mintuna inda mai tafiya da ƙafa zai kwana a hanya jikinsa yana sabawa. Akwai wani ma'auni mai sauƙi da likita zai iya farawa da shi: iskar cikin jirgin sama ana daidaita ta ne kamar ta bisan mita 1,800 zuwa 2,400, saboda haka wanda ya yi doguwar tafiya a jirgi bai ji komai ba yana da alama mai kyau game da matsakaitan duwatsu, ko da yake a jirgi zaune yake, a dutse kuwa zai yi taku. Hukuncin na likitan da ya san majinyacin ne, kuma tun a gida ake nemansa.

Bisa wannan lissafi duwatsun da ake tallatawa daga Luzern sun kasu. Titlis, wanda motar igiyarsa ke kaiwa sama da mita 3,000, da Jungfraujoch mai mita 3,454 wanda kuma yake cin yini guda cur a hanya, sun fi ƙarfin gajeriyar tafiyar hutu ga mafi yawan tsofaffi, ko da kuwa son taɓa ƙanƙara yana jan hankalin wanda bai taɓa ganinta ba. Pilatus, wanda ke tsaye a kan birnin, ana hawansa daga Alpnachstad da jirgi mai haƙora, wato jirgin ƙasa da ke da ƙafa mai haƙora a ƙarƙashinsa tana cizon wani layi na uku don kada ya zame, kuma layin, wanda aka buɗe a 1889, ya fi kowane irinsa tsayuwa a duniya da gangarar da ta kai kashi 48 cikin ɗari; yana aiki ne daga wajen Mayu zuwa Nuwamba, yana sauke mutane a bisan da ya ɗan haura mita 2,000. Rigi ya fi su duka rangwame. Ƙololuwarsa ba ta kai mita 1,800 ba, jirgin ruwa daga Luzern yana kai mutum Vitznau cikin kamar awa guda, tashar jirgin dutsen tana daf da matsayar, kuma ba dole ne a kai ƙarshen layi ba, domin a Rigi Kaltbad, wajen mita 1,450, akwai hanya kusan shimfiɗaɗɗiya zuwa wani wurin hange da ake kira Känzeli inda tafkin ke bayyana da rassansa. Masu tallar yawon buɗe ido sukan ba da shawarar a sauko ta motar igiya zuwa Weggis don a zagayo, amma tsakanin tashar igiyar da bakin ruwa akwai gangarar da ke wahalar da gwiwa, don haka komawa ta Vitznau ya fi. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, to amma a nan hangen shi ne abin da aka zo yi, kuma wanda ya tsaya a tsakiyar dutse bai yi asarar komai ba.

Jirgin ruwa shi ne ginshiƙin irin wannan tafiya, domin shi kaɗai ne ke ba mutum zama da inuwa da abinci da bayan gida alhali duwatsu na wucewa ta gabansa. Tafkin yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 114, ya karkasu rassa-rassa, kuma tafiya daga Luzern zuwa Flüelen a ƙarshensa na kudu tana cin kusan awa uku, daga can kuma jirgin ƙasa yana dawo da mutum cikin kamar awa guda. Kamfanin jiragen yana riƙe da tsofaffin jirage biyar masu aiki da tururi da manyan ƙafafun tuƙi a gefe, mafi tsufansu Uri na 1901, mafi ƙuruciya Stadt Luzern na 1928, kuma a lokacin zafi ake fito da su. Abin lura shi ne a galibin jiragen babban aji yana bene na sama ne, wanda ake hawa ta matakala, don haka tikiti mai tsada na iya zama wahala ga wanda ba ya son hawa, alhali ƙaramin aji yana daidai da ƙofar shiga.

Game da yawan kwanaki, uku zuwa huɗu a masauki ɗaya sun wadatar, kuma sauya otal a tsakiyar gajeriyar tafiya ɓarnar ƙarfi ce, tunda ɗaure kaya da kwance su yana cin rabin yini. Ranar isowa ta hutu ce. A sauran ranakun babban abu guda ya isa, a yi shi da hantsi, a dawo a yi ƙailula, da yamma a taka bakin tafki gwargwadon ƙarfi. Ranar dutse ba a ƙayyade ta tun daga gida, domin gajimare yakan rufe ƙololuwa har ba a ganin komai, kuma kamfanonin suna da kyamarori a sama da ke nuna halin da ake ciki a intanet kafin a sayi tikiti. Akwai kuma abin da jadawali ba ya nunawa: dattijon da ɗansa ko 'yarsa ta kashe kuɗi ta kawo shi yakan ji nauyin cewa ya gaji, sai ya daure ya ce babu komai har jiki ya gaza. Mai rakiya mai hankali yakan sa zama a cikin shiri tun kafin a nema, ya ce shi ne ke son shan shayi, don kada baba ko inna su zama su ne suka tsayar da tafiya.

Tsohon garin ƙarami ne, amma an shimfiɗe lungunansa da ƙananan duwatsu masu kama ƙafar keke da bakin sanda, masu kuma santsi idan an yi ruwa, don haka takalmi mai ƙasan roba ya fi silifa. Kapellbrücke, gadar katako mai rufi ta ƙarni na 14 wadda gobara ta cinye mafi yawanta a watan Agusta na 1993 aka sake gina ta cikin watanni, tana da matakala a bakunanta da cunkoso da rana, kuma daga shimfiɗaɗɗiyar gadar motoci da ke kusa da tasha an fi ganin ta gaba ɗaya tare da hasumiyarta. Zakin da aka sassaƙa a jikin dutse a 1821 don tunawa da dogarawan Suwizalan da aka kashe a fadar Tuileries ta Paris a 1792 bas yana kaiwa kusa da shi. Ganuwar Musegg mai hasumiya tara kuwa daga nesa ya kamata a gaishe ta. Idan an tashi da ruwan sama, gidan tarihin sufuri da aka buɗe a 1959 yana da lif da wuraren zama, kuma bas da jirgin ruwa duk suna tsayawa a kusa da shi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, ko kuma Satumba, sa'ad da jiragen ruwa da na dutse ke aiki sosai amma cunkoson Yuli da Agusta bai kankama ba ko ya lafa. Hunturu yana kawo hazo a kan tafki da ƙanƙara mai santsi a hanya, wadda faɗuwa a kanta kan karya ƙugun tsoho. Ko a tsakiyar zafi, sanyi yana ƙaruwa da kimanin digiri shida a kowace mita dubu, don haka rigar sanyi tana shiga jaka duk ranar da za a hau, tare da tabarau da hula saboda ƙarfin rana a sama.

Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai, kuɗinta faran ne nata na kanta, amma tun 2008 tana cikin yankin Schengen, saboda haka mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana yana bukatar bizar yankin, wadda ɗaya daga sharuɗɗanta shi ne inshorar lafiya da ba ta gaza Yuro 30,000 ba. Wannan adadi na cika sharaɗi ne kawai; asibiti a Suwizalan yana da tsada ƙwarai, kuma inshora mai arha takan cire waɗanda suka haura wasu shekaru ko ta ƙi biyan jinyar cutar da mutum yake da ita tun kafin tafiya, wanda shi ne ainihin abin da dattijo ke bukata, don haka sai an karanta takardar an kuma bayyana cututtukan. Magunguna suna tafiya a jakar hannu cikin kwalayensu na asali tare da wasiƙar likita mai ɗauke da sunayensu na kimiyya, da ƙarin na 'yan kwanaki. Taimakon keke a filin jirgi kyauta ne, ana nemansa ta kamfanin jirgin aƙalla awa 48 kafin tashi, kuma ya halatta ga wanda ke iya tafiya amma dogon zaure ke gajiyar da shi. Lambar motar asibiti a ƙasar 144 ce, 112 ma tana aiki.

Ga matafiyi Musulmi, tsawon yini a watan Yuni yana sauya tsarin salla, domin rana takan fito wajen biyar da rabi na safe ta faɗi bayan tara na dare, Isha'i ta yi nisa cikin dare Asuba kuma ta matso, abin da ke cinye barcin mai shekaru idan bai yi amfani da rangwamen ƙasaru da haɗa salloli da shari'a ta ba matafiyi ba, gwargwadon abin da malaminsa ya fahimtar da shi. A wajen abinci, kifin tafki da dankali da cuku da burodi ba su da matsala, amma soyayyen dankalin da ake kira Rösti yakan zo da naman alade, narkakken cukun nan na fondue kuma da giya ake dafa shi, don haka tambaya kafin oda ta zama dole. Tun 1 ga Janairun 2025 dokar ƙasar ta hana rufe fuska a bainar jama'a, bayan ƙuri'ar raba gardama ta 2021, kuma ta shafi niƙabi har ga baƙi, amma ba ta taɓa hijabi ko mayafin da ya bar fuska a buɗe ba.

Tsada ita ce aibin ƙasar da ba a iya ɓoyewa. Tikitin baƙi na Swiss Travel Pass, wanda mafi gajartarsa na kwana uku ne a jere, yana ɗauke da jirgin ƙasa da bas da jirgin ruwa da hawan Rigi da shiga ɗaruruwan gidajen tarihi, Pilatus kuma rabin kuɗi, amma ga wanda zai zauna gari ɗaya ya yi fita ɗaya a rana, katin ragin rabi na baƙi tare da katin da otal-otal ɗin Luzern ke ba wa masu kwana don hawa bas na cikin gari kyauta yakan fi araha, sai dai a yi lissafi da alƙalami. Fa'idar tikitin gaba ɗaya wadda lissafin ba ya nunawa ita ce ba a tsayawa gaban na'urar sayar da tikiti, kuma idan gajiya ta zo a tsakiyar tafki ana iya sauka a kowace matsaya a koma gida. Ranar Lahadi yawancin kantunan gari a rufe suke, ban da waɗanda ke cikin tashar jirgin ƙasa, inda akwai kantin abinci da na magani, wanda wannan ma wani dalili ne na neman masauki a kusa da ita.